Farin gishiri a bakin fangali: ruwan ne, ƙasar ce, ko hazo?

Mai Lambu a Minjibir:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wata matsala da na shekara uku ina juyawa a raina, kuma na ga ya dace in kawo ta nan, tunda a cikinmu akwai manoma, akwai malaman gona, akwai kuma waɗanda suka yi karatun abin a makaranta. Lambun da nake nomawa gado ne daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana gefen ruwan Jakara ta ƙasa, kafin ya shiga dam ɗin Wasai. Da wannan ruwan muka tashi muka ga ana ban-ruwa, a da da jigo, yanzu kuma da inji da tiyo.

Alayyahu har gobe yana yi mini yadda nake so, ganye shar, dillalan 'Yan Kaba ba sa ja da ni a kansa. Albasa ce ta ƙi. Bakin ganyenta yana bushewa kamar an kara masa wuta, kanta kuma ba ya wuce ƙwan kaza, alhali a wannan gurbin mahaifinmu yake cire wadda take cika tafin hannu. Karas ya bi sahunta, latas ma bana ya fara ja baya. Idan ruwa ya tsotse, da safe sai in tarar da wani farin abu a kan kunyoyin fangali kamar an barbaɗa garin kanwa. Na taɓa ɗanɗanawa, na ji gishiri-gishiri da ɗan ɗaci. Ƙasar kuma ta yi tauri, ruwan da a da yake shigewa kafin in zagayo yanzu yakan kai azahar yana kwance. Na ƙara yuriya, inda nake zuba buhu ɗaya na mayar da shi biyu, ban ga bambanci ba sai a aljihuna.

Maƙwabcina ya ce hazon shekarun nan ne ya yi yawa, ƙanena ya ce ruwan ne ya lalace, wani dattijo kuma ya ce ƙasa ce ta gaji, ita ma tana tsufa kamar mutum. Ina neman wanda zai raba mini wannan gardama, domin kowanne daga cikin ukun maganinsa daban, kuma ba ni da kuɗin gwada su duka.

Manomin Kura:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kwatanta ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake ruwanmu daga Tiga yake zuwa, kuma babu wanda zai ce da shi ruwan masana'anta. Tun da aka gama dam ɗin a 1974 aka buɗe filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, an yi hanyar shigar ruwa an kuma yi hanyar fitarsa. Ta shiga kowa yana lura da ita, domin idan ta toshe a ranar za a ji kuka, ta fita kuwa aka bar ta ta cika da laka da kacala, wasu ma suka nome ta suka ƙara da gonarsu. Duk inda aka yi haka, musamman a kwari, bayan wasu shekaru sai ka ga wannan farin ya fito, alkama tana yin ɗorawa tun tana ƙarama, daga baya gurbin ya koma sai shinkafa kaɗai yake karɓa. Saboda haka kafin ka ɗora wa Jakara laifin duka, ina tambaya: ruwan da ka zuba, ta ina yake fita daga lambunka?

Baban Ummi:
Ni shawarata mai sauƙi ce. A samu toka mai yawa da takin shanu a zuba kafin a yi kaftu, haka iyayenmu suke yi wa ƙasar da ta gaji. Batun ruwan Jakara kuma a yi hattara da shi, domin dubban magidanta daga Kwakwaci har Wasai da shi suke ci da iyalinsu, kuma ruwa ne da yake zuwa da takinsa, shi ya sa mai alayyahu a can ba ya sayen rabin abin da na Kadawa yake saya. Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, a kan talaka take ƙarewa.

Tsohon Malamin Gona:
Malam Mai Lambu, maƙwabcinka da ƙanenka da dattijon nan kowannensu ya riƙe gaskiya ta gefe guda, sai dai jerin da abin yake bi ne ya kamata a gane, domin daga nan ake sanin inda za a sa kuɗi.

Kowane ruwan ban-ruwa yana ɗauke da gishiri, ko na Tiga ne, bambancin yawa ne kawai. Na Jakara kuwa ya ratsa birni ya kwashi ruwan wanka da wanki, sabulu da omo duk akwai sinadarin sodiyam a cikinsu, sannan rafin Getsi ya kawo masa na yankin masana'antu na Bompai. Inda ake jima ta zamani, fatu da ƙiraga da gishiri ake adana su kafin su iso, kuma wankin farko wannan gishirin yake fitarwa, bayan shi ga farar ƙasa da sauran magungunan cire gashi. Shuka tana shan ruwa ta bar gishiri, rana da iska suna ɗauke ruwa su bar gishiri. A nan maƙwabcinka ya shigo: iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe danshi daga saman ƙasa da sauri, danshin ƙasa kuma yana hawowa ya maye gurbinsa ɗauke da gishirinsa, ya tsaya a wuri mafi tudu, wato kan kunya. Shi ya sa a can kake ganin farin, ba a tsakiyar fangali ba. Iskar ba ta kawo gishirin ba, amma ita take tattara shi a inda saiwar albasa take, tunda albasa ba ta zurfafa saiwa.

Sodiyam kuma yana da wata ɓarna ta dabam. Ƙasa mai lafiya dunƙule-dunƙule take, tsakanin dunƙulen akwai ƙofofi da ruwa da iska suke bi. Sodiyam yana warware laka ta zama kamar kunu, ta toshe ƙofofin, idan ta bushe ta yi ɓawo. Daga nan ruwa ya fara kwanciya, kamar yadda ka faɗa. Saiwa kuwa numfashi take yi kamar ni da kai, idan ruwa ya cike gurbin iska a ƙasa sai ta shaƙe, ta kasa ɗaukar abincin da yake gabanta. Manomi ya ga ganye ya yi ɗorawa ya ce yunwa ce, ya ƙaro yuriya. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa mai kanwa cikin zafi, kaso mai yawa nata iska take bi, wadda ta shiga ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta ma wasu ƙwayoyin halitta suna mayar da ita iska ta tashi, abin da ya saura kuma ƙari ne a kan gishirin da yake ƙona bakin ganye. Buhunka na biyu ke nan.

Jerin da amfaninka ya bi wajen gazawa ma shaida ne. Albasa da karas suna cikin mafi raunin amfanin gona a gaban gishiri, latas yana dab da su, tumatir ya fi su juriya, alkama ta fi tumatir, auduga da dabino kuma sun fi kowa. Da cuta ce ko ƙwaro, da ba za su bi wannan layi ba.

Baban Ummi, takin shanu na yarda da shi, amma toka a wannan ƙasar kada a kusance ta. Toka maganin ƙasa mai tsami ce, irin jigawar da aka daɗe ana zuba wa takin zamani. Wadda take fitar da kanwa, idan ka ƙara mata toka ka ƙara wa Barno dawaki.

Baban Ummi:
Na karɓi gyara a kan toka, Allah ya gafarta Malam. A kan ruwan dai ina nan a kan bakana, domin ban ji an kawo wani ruwan da za a ba mutanen ba.

Maman Sadik:
Ni ba manomiya ba ce, mai saye ce, kuma na yi shekaru ina aikin jinya. Baban Ummi, babu mai son a raba kowa da abincinsa, amma wanda yake cin latas ɗin ma talaka ne, kuma shi ba a tambaye shi ba. Ruwan da ya ratso bayan gidaje da mayanka yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin amai da gudawa da taifot. Alayyahu ana dafa shi, da sauƙi. Latas da kabeji da karas da lansir kuwa ɗanye ake ci, a shagon mai shayi da teburin mai tsire da wurin biki, sau da yawa bayan an tsoma su a bokiti ɗaya da aka wanke na mutum hamsin. Shi kansa mai lambun da yake tsaye cikin ruwan ba takalmi tun asuba, da yaransa da suke tayawa, su ne na farko a layi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2006 ba ta ce a haramta irin wannan noma ba, ta san ba zai yiwu ba a birane irin namu. Abin da ta ce shi ne a sa shinge a kowane mataki. A daina watsa ruwan a kan ganye, a bar shi ya bi ta ƙasa, a tsayar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin a yanka domin rana ta kashe abin da za ta iya kashewa, kada kuma a wanke kayan da ruwan rafin kafin a kai kasuwa, wanda na sha gani da idona ana yi don ganye ya yi sheƙi.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa:
Ina neman izinin iyayena in ƙara abu biyu. Na farko ya shafi abin da Mama ta faɗa. Ƙwayar cuta wanki da dahuwa suna maganinta, amma akwai abin da ba sa magani, wato ƙarafa masu guba da suke narke a ruwan masana'antu, kuma su ma halinsu ba ɗaya ba ne. Kuromiyam, wanda ake jima da shi, da dalma, yawanci a ƙasa da saiwa suke maƙalewa, kaɗan ne yake hawa ganye ta ciki. Kadmiyam shi ne mugun, domin shuka tana ɗaukarsa cikin sauƙi, kayan ganye irin latas da alayyahu sun fi tara shi, kuma ganyen yana nan kore shar ba alamar komai. A jikin mutum ƙoda yake zama shekara da shekaru. A Japan, a lardin Toyama, ruwan kogin Jinzu da ya biyo ta wurin haƙar ma'adinai aka riƙa shayar da shinkafa da shi, mutane suka yi ta ci har ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, gwamnatinsu ba ta amince da musabbabin a hukumance ba sai 1968.  Don haka, Baba Mai Lambu, kyan alayyahunka yana nuna ruwan yana da taki, bai ce komai ba game da sauran abin da yake ciki. Ban ce akwai ba, tunda ba a auna naka ba, na ce ido ba ya iya yanke wannan hukunci.

Akwai kuma wani abu da zai ba ku mamaki: ƙasa mai kanwa tana riƙe waɗannan ƙarafa ta hana su motsi, ƙasa mai tsami ce take sakinsu. Wato matsalar da take kashe albasa tana iya zama ita take rage wa alayyahu ɗaukar guba, kuma duk wanda zai gyara irin wannan ƙasa ya kamata ya san abin da yake kwance a cikinta tukuna.

Na biyu, hazo. An saba ɗaukarsa a matsayin annoba, ga tari ga ciwon ido ga jirage sun kasa sauka, amma ga ƙasar noma kyauta ce. Mafi yawan ƙurar da take sauko mana daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, kusa da Faya, wanda a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne da Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Ƙurar tana ɗauke da kalsiyam da fotasiyam da maganiziyam da ɗan fosfaras, kuma lallausar ƙasar da ta rufe yankin Kano, wadda ta ɗauki noma shekara ɗaruruwa ba hutu, iska tana da hannu wajen shimfiɗa ta. Ƙurar Sahara har dajin Amazon take kaiwa ta tsallake teku. Masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun ƙiyasta a 2015 cewa tan miliyan 27 da wani abu ne suke sauka a can duk shekara. Ɓarnarta a lambu ta gajeren lokaci ce: tana rufe fuskar ganye ta rage masa haske, ta toshe ƙofofin da yake shaƙar iska da su, sannan jan gizo-gizon nan ƙanana da suke addabar tumatir da yalo sun fi yaɗuwa a ganye mai ƙura.

Manomin Kura:
'Yata, Allah ya yi albarka. Mu masu alkama ma addu'ar hunturu muke yi. Wanda ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, sanyi ya same ta tana 'ya'ya, shi yake cika buhu. Wanda ya makara saboda shinkafarsa ba ta tashi da wuri ba, ko taki bai iso ba, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta motse. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya, sati uku kawai ya raba su.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga jama'a daga wannan gefen iyaka. Ina karanta ku ina murmushi, domin ku ƙura take sauko wa, mu kuma daga gonakinmu take tashi. Iskar da muka fi tsoro ita ce ta farkon damina, wadda take zuwa gaban hadari. Hatsi ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi, mutum ya sake shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare damina kuma ta yi nisa. Abin da take ɗauka kuwa shi ne mafi kyan ƙasar, lallausan saman nan mai taki, ta bar tsakuwa da fako.

Bayan yunwar 1984 mutane suka koma ga abin da muke kira sassaben zamani. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya yi aiki a Maraɗi daga farkon shekarun 1980, shi ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, idan aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bari aka datse sauran, cikin 'yan shekaru itace ya tashi ba tare da an dasa ko an shayar ba. A yau ana maganar kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ne sarkinsu, domin yana zubar da ganye da damina lokacin da hatsi yake son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba take son inuwa, ta kwanta ƙarƙashinsa ta bar kashi, saiwarsa kuma tana ɗauko abincin shuka daga iska kamar wake da gyaɗa. Duk wanda ya ga hatsin gindin gawo ya ga na fili ba ya bukatar a yi masa bayani. A kwarin Majiya ta jihar Tawa kuma tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don kare iska.

Abin da ya haɗa wannan da lambun Malam shi ne, tunda Malamin Gona ya ce busasshiyar iska ce take jawo gishiri sama, to a rage mata ƙarfi. Shingen kara ko zana ta gabas da arewa, layin zogale, da rufe fuskar fangali da buntun shinkafa ko ciyawa, duk suna rage abin da take zuƙa. Mu nan karan da aka bari kwance a gona har ƙura yake tarewa, bayan shekara ka ga ɗan tudu na lallausar ƙasa a gindinsa, gara ta shiga ta huda fakon, ruwa ya samu hanya.

Baban Ummi:
Barin kara a gona magana ce mai daɗi a rubuce. A Kano kara kuɗi ne: abincin dabba ne, makamashi ne, danni ne. Wanda zai bar shi ga gara sai ya fara samun abin da zai ba tumakinsa a watan Afrilu.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne, Malam, mu ma haka yake, shi ya sa itacen ya fi karan karɓuwa, tunda 'ya'yan gawo da kansu abincin dabba ne har ana sayar da su a kasuwa. Amma wanda yake ƙona buntu a bakin injin casa, ko ya cinna wa tattakar shinkafa wuta don ya yi saurin shuka alkama, ba shi da wannan uzurin.

Tsohon Malamin Gona:
Ƙonawar nan asara biyu ce, domin naitirojin da yake cikin tattakar hayaƙi yake bi, ƙasa kuma ta rasa abin da zai ruɓe ya buɗe ta. A Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, ana zuba wa wani yanki takin zamani zalla, wani takin shanu, wani duka biyun, shekara bayan shekara. Inda aka daɗe ana zuba na zamani mai naitirojin shi kaɗai ƙasar ta yi tsami amfani ya ja baya, inda aka haɗa biyun ne ya ɗore. Dattijon da ya ce ƙasa tana gajiya bai yi kuskure ba, sai dai gajiyarta iri-iri ce, ta jigawa tsami, ta fadamar Malam kuma kanwa.

Tunda an ambaci taki, akwai abin da yake damuna game da shara. Karkarar Kano ta rayu ne da sharar birni. Da rani jakai suke fita da mangala cike da toka da kashin awaki da dattin gida, su dawo da itace da kara. Wannan shara taki ce tsantsa. Ta yau da tifa take zuwa, kuma na tsaya a kan wani tuli a wata gona na tona da sanda: leda, fasassun kwalabe, matattun batura na tocila da suka fashe baƙin cikinsu ya zubo, guntun waya, har sirinji. Manomin ya biya kuɗin mota, yana murna. Dalma da kadmiyam da 'yarmu ta ambata ba sai ta rafi kaɗai suke shiga gona ba.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa:
Haka ne, Baba, kuma ta iska ma suna shiga. An daina sa dalma a fetur a ƙasashenmu tun wajen 2006, amma wadda hayaƙin motoci ya zubar a gefen manyan tituna kafin nan tana nan a saman ƙasa, domin ba ta ruɓewa, kuma ƙura tana ɗaga ta ta ɗora a kan ganyen lambun bakin hanya. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu, ta ƙura ya bi: ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida da kan hatsin da aka shanya, wani wurin ma turmi ɗaya ake daka dutse da abinci. Maganin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gidajen gaba ɗaya a kawo sabuwa. A tsakar gida hakan ya yiwu da ƙyar da kuɗi masu yawa, a fadama mai tsawon kilomitoci kuwa babu mai iya yi, don haka tsayar da abin tun daga bakin bututun masana'anta ya fi kowace dabara araha. Doka ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, kuma tun 2007 akwai hukumar NESREA da aka ɗora wa alhakin tabbatar da hakan.

Mai Lambu a Minjibir:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambayar Manomin Kura ta hana ni barci, domin da na duba, tsohuwar hanyar da ruwa yake fita ta ƙasan lambun mu da kanmu muka cike ta shekara shida da suka wuce muka ƙara fangali huɗu a kai. Jiya na haƙa rami a tsakiyar wurin albasar. Ban kai tsawon hannuna ba ƙasar ta koma toka-toka mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da na dawo bayan la'asar kuma na tarar ruwa ya taru a ciki. Na tuge albasa biyar, saiwarsu gajeru ne, launin ƙasa-ƙasa, suna saɓulewa a hannu. Malam, yanzu mene ne na farko?

Tsohon Malamin Gona:
Ramin nan ya ba ka rabin amsa kyauta. Na farko a buɗe hanyar ruwan, ko da fangali huɗun za su tafi, a zurfafa ta ta wuce inda ka tarar da ruwa, domin muddin ruwan ƙasa yana kusa haka gishiri zai ci gaba da hawowa, kuma duk abin da ka zuba asara ne. Gishiri ba shi da magani sai wanki, wanki kuma sai da mafita. Idan hanyar tana aiki, ruwan Agusta zai yi maka aikin da ba za ka iya biya ba.

Na biyu, ɗauki ɗan busasshen dunƙulen ƙasar kamar ƙwayar gyaɗa, ka saka a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan leda, kada ka motsa. Idan bayan awa ɗaya ko biyu ruwan da yake kewaye da shi ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, sodiyam ya kama lakar, kuma wanki kaɗai ba zai isa ba sai an haɗa da jifsam, farin dutsen nan da ake haƙowa a Yobe da Sakkwato ana kai wa kamfanonin siminti. Kalsiyam ɗin da yake cikinsa ne yake ture sodiyam daga jikin laka ruwa ya tafi da shi. Yawan da za a zuba sai an auna, kada a yi kirdado.

Na uku, ɗebi ruwan rafin a kwalba mai tsabta a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ya fi kauri, tare da ƙasa daga wurare biyar ko shida na lambun, ka kai sashen kimiyyar ƙasa na jami'a, Bayero tana kusa da kai. Awon gishirin ruwa minti ɗaya ne da 'yar na'ura: a ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 0.7 babu damuwa, sama da 3 matsala ce babba. Awon ƙarafa ya fi tsada, ku haɗu ku goma masu jan ruwa ɗaya ku biya tare. Yuriya kuma ka koma buhunka ɗaya, ka raba shi kashi-kashi, ka riƙa binnewa. Albasa a bana ka hutar da ita a wannan gurbin, in kuma dole ne, a gefen kunya za ka dasa, ba a kanta ba.

Maman Sadik:
Idan sakamakon ƙarafan ya fito, Malam, don Allah ka kawo shi nan ko yaya ya kasance, mai kyau ko akasin haka, domin da yawanmu daga 'Yan Kaba muke cefane.

Mai Lambu a Minjibir:
In sha Allahu zan kawo, Hajiya. Na yi gwajin kofin da safiyar nan, kafin in gama karin kumallo ruwan ya yi fari. Hanyar ruwan kuma ta ratsa ta lambun maƙwabcina kafin ta kai rafi, shi ma ya cike nasa ɓangaren ya dasa tattasai, don haka gobe bayan sallar Juma'a zan ɗauki ƙanena mu je mu same shi, in ya ƙi mu kai maganar gaban sarkin noma.